Kogunan Ingila a Cikin Ƙwarya

"Ajiye tsumman nan!"

Ban san da ƙarfi haka na faɗa ba sai da na ji aji ya yi tsit. Monitar ajin, yarinya mai natsuwa da ba ta taɓa ɓata mini rai ba, tana tsaye gaban allo da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ta riga ta share kudancin Ingila. Farin ruwan alli yana gangarowa daga inda Landan take, yana ɗiga a siminti.

"Malam, dasta ce ta ɓace," in ji ta. "Shi ne na jiƙo wannan."

Wani daga baya ya ce, "Malam, ai Ingila tsibiri ce, ta saba da ruwa."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi ƙoƙarin yi, ta ƙi fitowa. Na karɓi tsumman na jefa ta taga, na ciro hankicina na goge sauran a bushe. Ƙurar alli ta cika mini hanci. Yarinyar ta koma ta zauna, har aka tashi ba ta ɗago kai ba.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ɗauka taɓin hankali ne.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wada, irin waɗanda iyaye ke kai 'ya'yansu don su zauna jarrabawar Turawa su wuce waje. Shi ya sa manhajarmu ke ɗauke da Ingila. Kogunanta, tsaunukanta, inda ake haƙar kwal a da, dalilin da ya sa yammacinta ya fi gabashinta ruwan sama. Ni kuwa iyakar tafiyata Legas, shi ma sau ɗaya, kuma ban samu na ga teku ba saboda cunkoso.

Yaran sun sani. Ranar farko suka tambaya.

"Malam, ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To ya aka yi ka san akwai sanyi?"

"Kai ka taɓa shiga wuta? Ya aka yi ka san akwai zafi?"

"Malam, ga kogin Kubanni nan ya cika da leda ba a ce mu zana shi ba, sai kogin wasu?"

Na ce in ya ci jarrabawa ya dawo ya kwashe ledar. Haka muke da su. Ina son aikin, wallahi. In na ɗauki alli, cikin minti biyu na zana Ingila ba tare da na duba littafi ba, har da 'yan lungunan gaɓar yamma. Ban taɓa tambayar kaina daga ina hannun nan ya zo ba.

Kakata ce ta gaya mini, kamar mako uku kafin ranar tsumman.

A gida ɗaya muke da ita, ni da ita da Umma. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take cewa, ko da zagina za ta yi. Ran wata Asabar da hantsi na shimfiɗa kwali a tsakar gida ina zana taswirar da zan manna a aji. Tana zaune kan tabarma tana gyaran zogale. Ta leƙo.

"Babana, wannan ba Ingila ba ce?"

Na ɗago. Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Na ce, "Hajiya, yaushe kika je ba ki zo mana da tsaraba ba?"

Ba ta kula ni ba. Ta ajiye zogalen, ta rufe ido, ta fara rangaji gaba da baya irin na mai hadda, ta ɗauko da muryar karatun allo: "Tems, Seban, Tiren, Mazi, Hamba, Tain." Ta sake daga farko. Kogunan Ingila ne, a jere, babu wanda ta tsallake a cikin waɗanda na rubuta a kwalin.

Na san mahaifinta malamin makaranta ne a zamanin Turawa. Abin da ban sani ba shi ne labarin ƙasa ya koyar, kuma Ingila ya koyar, shekara da shekaru, shi ma bai taɓa ganin teku ba.

"Kada ka bar wannan kwalin kusa da randa," in ji ta.

"Saboda me?"

"Zauna."

Ga abin da ta ba ni, yadda mahaifinta ya ba ta.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Tudun Wada 'yan gidajen ƙasa ne da bukkoki a wajen ganuwa, baƙi ne ke zama, masu neman abinci a gefen birni. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yara a kai makarantar Bature, ba wanda ya so. Aka ɗauki mahaifin Hajiya saboda ubansa baƙo ne, ba shi da mai tsaya masa. Yaron ya riga ya yi nisa a makarantar allo, ya iya rubutun ajami da kyau.

A can aka ce sai ya haddace ƙasar Ingila. Baturen yana da sanda. Yakan nuna wuri a taswira, in ka yi shiru sandar ta bar taswirar ta dawo kanka. Littafin rubutu kuwa ba a bari a tafi da shi gida, a kulle yake kwana. To yaro hanya ɗaya ya sani ta haddace abu: ka rubuta a allo, ka yi ta biyawa har ya zauna, sannan ka wanke. Sai ya ɗauko tsohon allonsa na katako da tawada. Ya zana Ingila a tsakiya. Ya rubuta sunayen kogunan da ajami yadda kunnensa ya ji su, ya maimaita su layi bayan layi har allon ya cika fal, gaba da baya. Ya jingine shi a bayan ƙofar ɗakin uwarsa.

Yana da ƙanwa, 'yar shekara huɗu ko biyar. Kwana uku tana zazzaɓi. Uban ya je wurin malami ya karɓo rubutu a allo, layuka kaɗan, aka ce a wanke a ba ta da safe. Shi ma a bayan ƙofar nan aka jingine shi.

Da gari ya waye uban ya tafi kasuwa, yaron ya tafi makaranta. Uwar ta leƙa bayan ƙofa ta ga allo biyu. Ba ta iya karatu ba. A idonta duk rubutu na Allah ne, don a lokacin wane rubutu ake yi a allo in ba shi ba? Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan. Ɗaya layi biyar ko shida. Ɗaya kuwa baƙi ƙirin da tawada, har da zane a tsakiya kamar hatimin da malamai ke yi. Ta ce a ranta wannan ya fi ƙarfi. Ta wanke shi a ƙwarya da bismilla, ta ɗaga kan yarinyar, ta ba ta ta shanye tas.

Da azahar yaron ya dawo. Ranar ya amsa duk tambayoyin Bature, sanda ba ta taɓa shi ba, da gudu ya shigo gida. Sai ya ga allonsa a rana, fari fes, an jingine shi a jikin turmi yana bushewa. Ya leƙa bayan ƙofa. Allon malami na nan da rubutunsa, ba abin da ya taɓa shi.

Na ce, "Ya faɗa mata?"

Hajiya ta harare ni. "Kai in kai ne za ka faɗa?"

Bai faɗa ba. Ya ɓoye allon malamin a cikin rigarsa ya zagaya bayan ɗaki, ya wanke shi da kansa. Ya shigo da ƙwaryar, ya ce wa uwar ruwa ne zai ba ƙanwarsa. Amma haƙoranta sun riga sun datse. Ya gwada da yatsa, ya gwada da ludayi, ruwan na bin gefen bakinta yana tarewa da tafin hannu yana mayarwa cikin ƙwaryar. Kafin la'asar yarinyar ta cika.

Aka bar shi da ƙwarya a hannu. Ruwan ayoyi ne, ba a zubarwa a ƙasa. In kuma ya ajiye za a tambaya. Sai ya koma bayan ɗaki ya ɗaga ya shanye.

"Ya haura shekara tamanin," in ji Hajiya. "Ko ciwon kai mai kyau bai taɓa kwantar da shi ba. Cewa yake kwanakinta ya sha."

Na ce, "Hajiya, ajali ne fa. Zazzaɓi ne. Ko wanne allo aka wanke—"

"Ka ɗauka bai sani ba? Wanda ke ja wa mutane salla? Ya sani sarai. Sanin bai hana shi komai ba."

Uwar ta rasu da tsufanta tana gode wa Allah cewa abin ƙarshe da ya shiga cikin 'yarta Alƙur'ani ne. Ba wanda ya gyara mata. Shi kuma Turawa suka ga ya fi kowa iya Ingila, suka mai da shi malami. Ya ƙare rayuwarsa yana zana wa yaran mutane abin da ƙanwarsa ta sha. Hajiya ta ce a ajinsa ba a taɓa allo da ruwa. Da busasshen tsumma yake gogewa, da kansa, ko ƙura za ta kashe shi da tari. Yara suna masa dariya a ɓoye. In ya dawo gida ya zauna a zaure, wani lokaci sai bakinsa ya kama kogunan nan shi kaɗai, kamar mai lazimi. A nan ta ɗauke su.

Wata rana tana ƙarama ta tambaye shi, ina yarinyar take yanzu? Ya ce tana wurin Ubangijinta. Sannan ya ce amma duk sanda ya zana taswirar nan, sai ya ji kamar tana wani wuri a ciki, a bakin wani kogi, cikin sanyi, ba ta jin yaren kowa.

To kun ji abin da ke kaina ranar da na ga ruwan alli na gangarowa daga Landan.

Washegari na ba monitar haƙuri a gaban aji, na sayo dasta biyu. Na ci gaba da darasi. Amma wani abu ya canza. In na juya baya ina zana Tems, sai in ji kamar akwai wanda ke zaune a layin ƙarshe wanda ba ya cikin rajista. Ba na ganin komai, kada ku ce na ce na gani. Kawai dai na daina sa su biya kogunan da baki ɗaya, don in murya arba'in ta haɗu, rangajin Hajiya nake ji a ciki.

Muna tsakiyar babin yanayin Ingila Hajiya ta kwanta. Ƙirji ne. Muka kai ta asibiti a keke, aka ba da magunguna, muka dawo. Tana sha ba gardama. Da mako ya zagayo ba sauƙi, Umma ta aika wurin wani tsohon malami a Gyallesu, aka kawo rubutu a allo, an naɗe shi da ɗankwali.

Na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, alli har gwiwar hannu. Na tarar da Umma a ƙofar ɗaki da kwano da ruwa, ranta a ɓace.

"Shiga ka ji da kakarka. Ta ce ba za a wanke ba sai ka zo."

Na shiga. Ta rame ƙwarai, amma idon nan na nan.

"Amarya, rigimar me kike yi wa mutane?"

"Rufe mini baki, mijin da ko goro ba ya kawowa. Ɗauki allon nan."

Na ɗauka.

"Karanta mini. Ban taɓa shan rubutun da ba a karanta mini ba. Babana ne ke karanta mini, da ya tafi kakanka ya karɓa. Yanzu saura kai."

Na buɗe ɗankwalin na duba.

Na yi Islamiyya, na sauke, ina karanta bugaggen Alƙur'ani mai wasali ba matsala. Wannan kuwa rubutun hannu ne irin na zaure, na tsohon da hannunsa ke rawa, an yi shi da sauri, ba wasali, haruffa sun hau kan juna, tawada ta malale a wurare. Na gane sunan Allah a wuri biyu. Sauran ban gane ko kalma ɗaya ba. A ƙasa kuma akwai hatimi, layuka sun karkace, faɗi a gindi, tsukakke a sama. Na san idona ne kawai. Mako nawa ina zana abu ɗaya. Amma wallahi da na kalle shi, siffar Ingila na gani.

"Na ji ka yi shiru."

"Haske nake nema, Hajiya."

Na matsa bakin taga, na juya mata baya, na ciro waya na ɗauki hoton allon. Niyyata in tura wa wani abokina da ya yi karatun zaure. Na duba, ba data. Ko da akwai, sai ya gani, sai ya amsa, ita kuma tana kallon bayana, Umma na tsaye da kwano tun ɗazu.

Da zan iya cewa ban iya ba. Da zan iya hawa acaɓa in je Gyallesu in ɗauko malamin ya karanta mata da bakinsa, minti nawa ne. Amma ba malami take so ba. Mai sunan babanta take so ya ce mata wannan karon allon daidai ne. Ga ni kuma, malamin makaranta, na san tsawon kowane kogi a ƙasar da ban taɓa takawa ba, an miƙo mini layi goma na unguwarmu na kasa.

Na juyo. Na sa yatsa a layin farko, na karanta Fatiha daga kaina. Na gangara da yatsan, na kawo Ayatul Kursiyyu, na bi da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ina tafiyar da yatsa a hankali don su ƙare tare da rubutun.

Ta saurara ido rufe. Da na gama ta ce, "Duk wannan a ɗan allon nan?"

"Ƙananan haruffa ya yi."

Ta daɗe tana kallona. Ban san me ta gani ba. Sannan ta ce, "To. Wanke da hannunka."

Na wanke. Ruwan ya yi baƙi. Na ɗaga kanta ta sha, ta bar kaɗan a gindin kwanon ta tura mini.

"Shanye, ba a zubarwa."

Na shanye. Ɗaci-ɗaci, da ƙamshin ƙaro.

Ta ƙara kwana goma sha ɗaya. Ta rasu ran Laraba da hantsi, ina aji, ina bayanin dalilin da ya sa hazo ke rufe Landan. Umma ta kira sau huɗu, wayar na cikin aljihu a kashe.

Kowa ya ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ga shekaru, ga kalmar shahada a baki. Likita ma ya ce ba abin da za a iya yi. Na yarda. Na kuma san malamin Gyallesu mutumin kirki ne, ba abin da zai rubuta wa mara lafiya in ba alheri ba. Duk na san wannan. Yanzu na gane abin da take nufi da ta ce sanin bai hana babanta komai ba.

Na koma aji bayan bakwai. Yaran suka yi mini gaisuwa, har mai maganar Kubanni ya zo ya durƙusa. Monitar ta riga ta goge allo, a bushe, ba wanda ya ce mata. Na ɗauki alli. Jarrabawa saura wata guda, kuma ba mu taɓa tsaunuka ba. Na zana Ingila cikin minti biyu kamar kullum.

Hoton na nan a wayar da nake rubuta muku wannan. Yana tsakanin hoton jadawalin jarrabawa da na wani takalmi da na so saya. Abokin nan nawa yana Hanwa, kusan kullum muna haɗuwa wurin mai shayi, cikin minti ɗaya zai karanta mini shi. Sau uku ina buɗe hoton a gabansa ina mayar da wayar aljihu. In ya ce ayoyin da na karanta ne, ko wasunsu, shi ke nan, na huta. In kuma ya ɗaure fuska ya ce wannan bai san mene ne ba, to ni da ita mun riga mun sha, kuma ni na ce mata daidai ne.

Ku da kuka kai nan da karatu, in wayar nan a hannunku take, za ku miƙa masa ko za ku goge hoton?